Jiran Sanyi a Zafin Agazari: Nasiha ga Kaina da 'Yan'uwana Muridai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai jujjuya dare da rana, Mai kawo damina bayan bazara, Mai kawo sanyi bayan gumi, ba da shawarar kowa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda da Shehunmu Ahmadu Tijjani, da Shehu Ibrahim Inyass, da dukkan waliyyan Allah.



Ni ƙaramin almajiri ne, ban kai matsayin yi wa kowa wa'azi ba. Abin da zan rubuta gyara ne da aka yi mini, na ga bai kamata in riƙe shi ni kaɗai ba. Ina rubutawa daga garinmu Hawandawaki, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, a ƙarshen hutu kafin in koma jami'a. Ruwan sama ya ɗauke, hatsi ya nuna, ana shirin yanka. Duk wanda ya tashi a wannan yanki, daga Korgom zuwa Tasawa har Mayahi, ya san irin zafin waɗannan kwanaki. Shi ne dattawa ke kira agazari.

Zafin agazari da dalilinsa

Zafin agazari daban yake da na bazara. Na bazara busasshe ne, yana ƙona fata, amma in ka samu inuwar bedi ka yayyafa ruwa za ka ji dama. Na agazari kuwa jiƙaƙƙe ne. Ka yi wanka, kafin ka sa riga gumi ya sake keto maka. Ɗaki ba ya kwantuwa, waje kuma sauro ya tsare. A gona ga ƙarangiya tana kama wando, ga ƙaiƙayin hatsi yana bin wuya. Yara suna kwance da zazzaɓi, domin a ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta ne a ƙarshen damina, wajen watannin Satumba da Oktoba.

Masana yanayi suna bayyana dalilin haka a sauƙaƙe. A lokacin marka gajimare ne ke yi mana rumfa, ruwa kuma yana sanyaya ƙasa. Idan iskar damina ta fara ja da baya zuwa kudu, sai gajimare ya yaye, rana ta sami hanya, alhali ƙasa da iska ba su gama bushewa ba. Sai zafi ya haɗu da laima. Shi ya sa a yankin Maraɗi shekara take da tudun zafi biyu: babba a Afrilu da Mayu, inda ma'auni ke kai wa 40 har ya wuce, da ƙarami a Oktoba. Daga nan sai busasshiyar iska ta taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Ita ce iskar hunturu. Idan ta kankama, dare yakan yi sanyi har a Disamba da Janairu ma'auni ya sauko ƙasa da 15 da asuba.

Malamanmu na hisabi su ma suna da nasu lissafin. Sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane yanayi taurari bakwai, kowane tauraro kwana 13, in ban da guda mai kwana 14. Tauraron da ke buɗe kaka shi ne Sarfa, kuma Larabawa sun ba shi wannan suna ne domin zafi yana juyawa a lokacin fitowarsa. Amma mu a nan mun sha ganin Sarfa ta shiga ta fita gumi bai tafi ba. Wannan kaɗai ya isa ya tuna mana cewa tauraro alama ce kawai. Manzon Allah (SAW) ya tsawatar a Hudaibiyya game da jingina saukar ruwa ga tauraro, kuma hukuncin sanyi da zafi ɗaya ne da na ruwa: Mai kawo su ɗaya ne.

Kowa a gari yana jira. Tsofaffi suna taɓa ruwan randa da asuba su ji ko ya fara sanyi. Ana duban shamuwa ko ta yi ƙaura. Ana duban sararin gabas ko hazo ya fara. Jiran nan ba laifi ba ne. Mutum rarrauna ne, kuma Allah da kanSa Ya lissafa inuwa da tufafin da ke kare mu daga zafi cikin ni'imominSa a Suratun Nahli. Laifin yana wani wuri, kuma a kaina na fara ganinsa.

Abin da Malam ya gaya mini

Wata ranar Juma'a bayan an tashi daga zikiri, na tsaya na gaida muƙaddaminmu. Na ce, "Malam, ina gumi?" Ya ce, "Lokacinsa ne." Sai ya tambaye ni dalilin da ya sa kwana biyu ba ya ganina a wazifa. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah gafarta Malam, zafin nan ne. Masallaci ba ya zaunuwa bayan magariba, ga gajiyar gona. Akwai ma lazimin da ake bi na ban rama ba. Amma na yi niyya da zarar sanyi ya shigo zan rama duka, in riƙa tashin dare kuma."

Malam ya yi shiru kaɗan. Sannan ya ce, "Ɗana, bara da sanyi me ka ce mini?"

Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bara a watan Janairu na zo gida, ya tambaye ni irin wannan tambaya, na ce masa sanyi ne ya hana ni fitowa, ruwan alwala kamar ƙanƙara, amma da zarar gari ya sake zan dawo. Na manta, shi bai manta ba.

Ya ce, "Da sanyi kana jiran zafi, da zafi kana jiran sanyi. To wane wata ne Allah Ya halitta domin ka? Ka gaishe ni yanzu na ce maka lokacinsa ne. Kai ma haka kake amsawa in an gaishe ka. Ka san zafi yana da lokacinsa, ka yarda ba ya saɓawa. Shin lazimi shi ba shi da lokacinsa? Zafi bawa ne, an umarce shi ya zo, ya zo. Kai aka umarce ka, ka ce sai wani bawan ya tafi."

Bai ƙara komai ba, ya miƙo mini hannu muka yi sallama. Tun daga ranar nake juya maganar nan a zuciyata.

Jira iri biyu ne

Ku dubi mahaifanmu manoma. Babu wanda ya fi su son sanyi ya shigo, domin su ne rana ke dafawa. Amma ban taɓa jin manomin da ya ce zai bar hatsinsa a tsaye sai hunturu ya zo sannan ya yanka ba. Ya san in ya yi haka tsuntsu zai ci, fara za ta ci, dabbobi za su shiga, abin da ya rage ya zube a ƙasa. Yana fita tun duku-duku, ya yi aiki har rana ta take, ya fake a inuwa, la'asar ta yi ya koma. Yana jiran sanyi, hannunsa kuma yana ɗaure damma.

Abin da ya fi wannan, manomi ya san zafin nan shi ne ke ƙarasa masa aiki. Ruwa ne ya raya hatsi, amma rana ce ke nunar da shi ta busar da shi. In aka zuba zangarniya a rumbu da sauran laima, fumfuna za ta kama ta, wahalar wata huɗu ta tafi a banza. Wake ma haka, gujiya ma haka, harawa ma haka. Da Allah zai amsa mana roƙonmu Ya ɗauke agazari daga shekara, da mun huta kwana arba'in mun yi kukan yunwa wata goma.

Wannan shi ne jira na farko, jiran mai aiki. Na biyu shi ne irin nawa: mutum ya ajiye aikin da aka ɗora masa yau, ya rataya shi a wuyan wani lokaci da bai zo ba, wanda kuma ba a yi masa alkawarin zai gan shi ba. Malaman tasawwufi suna kiran wannan cuta taswifi, wato "zan yi, zan yi". Ibnu Aɗa'illah, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 709 bayan hijira, ya lissafa jinkirta ayyuka har sai an sami sarari cikin wautar rai. Rai ba ya fitowa fili ya ce maka ka bar wuridi, domin ya san ba za ka yarda ba. Sai ya ce maka ka bari sai gari ya yi sanyi, sai an gama jarrabawa, sai an kai amfanin gona gida, sai ka yi aure hankalinka ya kwanta. Kowane uzuri yana da ƙanensa a bayansa.

Mutum biyu a yaƙin Tabuka

Allah Ya ajiye mana misalin wannan a tarihin sahabbai. A shekara ta 9 bayan hijira Manzon Allah (SAW) ya yi kira zuwa Tabuka, tafiyar kusan kilomita 700 daga Madina, cikin tsananin zafi, a daidai lokacin da dabino ya nuna, inuwa ta yi daɗi. Munafukai suka riƙa hana mutane fita saboda zafin, Allah Ya ba su amsa a Suratut Tauba da cewa wutar Jahannama ta fi wannan zafi. Amma ba a kan munafukai nake son mu tsaya ba. Akwai muminai na gaskiya guda biyu da zafin nan ya jarraba.

Na farko Ka'abu ɗan Maliku (RA). Shi da kansa ya ba da labarin cewa bai taɓa samun wadata irin ta wannan lokaci ba, har raƙuma biyu gare shi. Bai yi niyyar ƙin fita ba. Kullum yakan fita da safe domin ya yi shiri, ya dawo bai yi komai ba, ya ce a ransa ai yana da iko, gobe zai shirya ya cim musu. Gobe ta bi gobe har runduna ta yi nisa. Sakamakon haka aka ƙaurace masa dare 50, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, ba mai yi musu magana, har ƙasa ta yi musu ƙunci duk da faɗinta, kafin Allah Ya saukar da karɓar tubarsu. Gaskiyarsa ce ta cece shi, amma ku dubi inda "gobe" ta kai sahabin da ya halarci mubaya'ar Aƙaba.

Na biyu Abu Khaisama (RA). Shi ma ya yi jinkiri. Bayan runduna ta yi kwanaki da tafiya, ya shigo lambunsa a wata rana mai zafi, ya tarar matansa biyu kowace ta yayyafa wa rumfarta ruwa, ta sanyaya ruwan sha, ta shirya abinci. Ya tsaya a bakin rumfa, sai ya tuna Manzon Allah (SAW) yana can cikin rana da iska mai zafi, shi kuwa ga shi zai shiga inuwa. Ya ga wannan ba adalci ba ne. Ya rantse ba zai shiga rumfar kowace ba, ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi a take, ya bi sawu shi kaɗai har ya riske su a Tabuka, Manzo (SAW) ya yi masa addu'ar alheri.

Dukansu sun makara. Bambancinsu shi ne ɗaya ya ce gobe, ɗaya ya ce yanzu. Kuma abin da ya tayar da Abu Khaisama ba tsoron horo ba ne, soyayya ce. Mu da muke da'awar son Manzon Allah (SAW), muke yi masa salati safe da yamma, wannan ma'auni namu ne.

Sauƙin shari'a yana da iyaka

Kada wani ya fahimci cewa addini bai san zafi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi umarni a jinkirta azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan sanyaya, ya kuma bayyana cewa tsananin zafi da tsananin sanyi numfashi biyu ne da aka yi wa wuta izini a shekara. Anas (RA) ya ba da labarin cewa sahabbai sukan shimfiɗa gefen tufafinsu su yi sujada a kai saboda zafin ƙasa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma an so masu jam'i su jinkirta azahar har inuwa ta ƙaru da rubu'in tsawon abu.

Haka ɗariƙa ma ta zo da sauƙi. Lazimin safe yana da lokaci mai faɗi, har an yarda a gabatar da shi cikin dare ga wanda ya san safiyarsa za ta cika da aiki. Wanda bai sami ruwa ba ya yi taimama, yana da madadin Jauharatul Kamali, wato Salatul Fatihi 20. Marar lafiya yana da rangwame. Duk wannan a tambayi muƙaddami, zai yi bayani.

Amma ku lura, an ce a jinkirta azahar, ba a ce a kai ta hunturu ba. Jinkirin da shari'a ta yarda da shi yana cikin lokaci, yana da bango. Jinkirin da rai ke so ba shi da bango. Istigfari 100, salati 100, hailala 100: wanda ya zauna ya yi su da natsuwa ba zai cinye rabin sa'a ba. Ni da na ce zafi ya hana ni, a wannan zafin nake zama sa'a biyu ina latsa waya a ƙofar gida. Ashe ba zafi ne ya hana ni ba.

Agazarin zuciya

Akwai wani zafin da ya fi na gari, kuma na san da yawa daga cikin 'yan'uwa matasa suna cikinsa. Mutum ya karɓi ɗariƙa da shauƙi, farkon lamari in ya zauna wazifa har hawaye yake yi, zikirin Juma'a ya ji kamar kada a tashi. Wannan ita ce daminarsa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai ruwan ya ɗauke. Harshe yana motsi, zuciya a bushe. Carbi ya yi nauyi. Yana ganin waɗanda suka shigo bayansa ana ba da labarin abin da suka samu, shi shiru. Sai ya fara cewa bari in dakata har shauƙin ya dawo, domin zikiri ba halartar zuciya ba shi da amfani.

Magabata sun san wannan hali, sun ba shi suna. Imam Ƙushairi, wanda ya rasu a shekara ta 465 bayan hijira, ya yi bayanin ƙabdu da basɗu a Risalarsa, wato ƙuntatar zuciya da yalwarta, halaye biyu da ke zuwa wa mai tafiya ba da zaɓinsa ba. Ladabin da suka koyar a lokacin ƙunci shi ne mutum ya binciki kansa, in akwai laifin da ya jawo ya tuba, in bai gano ba ya natsu a bakin ƙofa, ya ci gaba da aikinsa har halin ya wuce. Sun kuma ce sau da yawa muridi ya fi tsira a ƙunci, domin a yalwa rai yana samun rabonsa na jin daɗi da jiji da kai, a ƙunci kuwa ba abin da ke zaunar da shi a kan buzu sai alkawarin da ya ɗauka. Zikirin da aka yi ba daɗi, don cika umarni kawai, shi ne zangarniyar da rana ke busarwa domin ta zaunu a rumbu.

Ko Shugaban halitta (SAW) an taɓa jinkirta masa wahayi har maƙiya suka ce Ubangijinsa Ya rabu da shi, sannan Suratud Duha ta sauka tana kore wannan zance. Shehunmu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda aka haifa a Ainu Madi a 1737, ya yi shekaru yana neman ilimi, yana ziyartar waliyyai daga Fas zuwa Tilimsan zuwa Alƙahira da Makka da Madina, kuma babban buɗin bai zo masa ba sai a Abi Samgun a shekara ta 1196 bayan hijira, yana da shekara arba'in da 'yan kai. Failar da ta bayyana a hannun Shehu Ibrahim (RTA) a 1929 ta zo ne fiye da shekara ɗari bayan wafatin Shehu Tijjani a 1815. Tsakanin nan muridai nawa ne suka rayu suka mutu suna jan carbi, ba su fasa ba? To ni wane ne da zan ba Ubangiji wa'adin shekara biyu?

Ku dubi gawo da ya cika gonakinmu. Da damina, lokacin da kowane icce ke taƙama da ganye, shi a tsiraice yake kamar matacce. Wanda bai san shi ba zai ce a sare. Sai ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa sun fara kaɗewa, sannan shi yake fitar da ganye, ya yi inuwa da rani, ya ciyar da dabbobi da 'ya'yansa, ganyen da ya zubar kuma ya zama takin hatsin da ke ƙarƙashinsa. Saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwan da ido ba ya gani. Kada ka auna kanka da ɗan'uwanka. Wani daminarsa da wuri take, wani gawo ne.

Sanyin ma da nasa hisabin

Mu kuma tuna cewa sanyin da muke jira ba hutu yake kawowa ba. Yana zuwa da mura da tari, da tsagewar leɓe da ƙafa, da gobarar da ke cinye rumbuna saboda jin ɗumi, da tsofaffi da almajirai marasa bargo. Alwalar asuba takan zama jihadi, shi ya sa hadisin da Muslim ya ruwaito ya sanya cika alwala a lokacin da rai ba ya so cikin abubuwan da ke kankare zunubi. Da sanyi ne kuma samarinmu ke watsewa cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya, sahun wazifa ya ragu. Wanda bai saba da wuridinsa a gida ba, da wuya ya riƙe shi a tasha.

Magabata sun so hunturu domin darensa dogo ne ga mai tsayuwa, yininsa gajere ne ga mai azumi. Amma waɗanda suka ci ribarsa su ne waɗanda suka shigo shi da shiri. An ruwaito cewa Mu'azu ɗan Jabal (RA) da mutuwa ta zo masa, abin da ya yi baƙin cikin rabuwa da shi shi ne ƙishirwar azumi a tsakar rana mai zafi, da wahalar tsayuwa a daren sanyi, da gogayya da malamai a halƙar zikiri. Abubuwa biyun da nake kawowa uzuri, su ne shi yake kukan rabuwa da su.

Kuma da hikima Allah Ya ɗora ibadunmu a kan watan sama, wanda shekararsa ke gaza ta rana da kwana 11. Mun yi azumin 2019 a watan Mayu, na 2022 a Afrilu, cikin tsakiyar bazara. Na 2025 ya faɗo a Maris, kuma yana ta matsowa cikin sanyi, har wajen 2030 zai kasance a Janairu. A cikin shekara 33 Ramadan yana zagaye dukkan yanayi. Wanda Allah Ya ba tsawon rai zai bauta maSa a gumi, ya bauta maSa a ɗari. Ba a bar mana zaɓin yanayi ba.

Wanda bai ga sanyin ba

Abin da ya sa maganar Malam ta huda ni shi ne wani ɗan'uwa da muka karɓi ɗariƙa tare, sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Shekara biyu da suka wuce, a irin waɗannan kwanaki, muna dawowa daga gona muka yi alkawarin in sanyi ya shigo za mu riƙa tashin juna kafin asuba mu yi nafila. Na koma makaranta. Ban yi sati uku ba aka kira ni a waya cewa zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu ya yi, Allah Ya karɓi abinSa. Hatsin da ya yanka yana rumbu, sanyin ya shigo a lokacinsa, shi yana kabari. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa. Abin da ke sanyaya mini rai game da shi, mahaifiyarsa ta ce har daren da ciwon ya kwantar da shi sai da ya yi laziminsa. Shi nafila ce ya jinkirta. Ni da aka bari, wajibin da na ɗaukar wa kaina nake jinkirtawa.

Abin da za mu yi kafin iska ta juya

Na farko, wanda ake bin sa lazimi ko wazifa ya lissafa yau, ya fara ramawa yau, ko da ɗaya ne a yini. Na biyu, a nemi lokacin da ya fi sauƙi a cikin yinin, a tsare shi. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma ko a tsakiyar agazari akwai ɗan sanyi tsakanin asuba da hantsi. Na uku, kada a bar wazifar jam'i saboda gumi. In cikin masallaci ya matsa, a shawarci muƙaddami a shimfiɗa tabarma a fili mai tsarki. Na huɗu, a kiyaye harshe daga zagin zafi da rana, domin an hana mu zagin zamani. Amsar da muka gada, "lokacinsa ne", ta ishe mu, in dai mun faɗe ta da zuciya.

Na biyar, a riƙi sababi. A kwana cikin gidan sauro, a ba yara maganin rigakafin da ake rabawa da damina, kuma wanda zazzaɓi ya kama a kai shi asibiti a ranar, kada a ce bari mu gani zuwa gobe. Wannan ma taswifi ne, kuma yana kashewa. Na shida, wanda amfanin gonarsa ya kai nisabi ya fitar da zakka tun a gona, dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, kafin rumbu ya rufe rai ya fara lissafi. Na bakwai, tun yanzu a fara tanadin bargo da rigar sanyi domin tsoho da maraya da almajiri, kada sanyin da muke roƙo ya zame wa wani azaba.

Rufewa

Ya 'yan'uwa, da aka jefa Annabi Ibrahim (AS) cikin wuta, Allah bai aiko ruwa ya kashe ta ba, bai kuma ɗauke shi daga cikinta ba. Ya umarce ta ta zama sanyi da aminci a gare shi, yana tsakiyarta. Wannan shi ne sanyin da mutanen Allah ke nema, sanyin yaƙini da yarda, wanda ba ya jiran Nuwamba. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa an sanya sanyin idonsa a cikin salla, kuma a Hijaz ya faɗi haka, ƙasar da ta fi tamu zafi.

Hunturu zai zo in Allah Ya so, kamar yadda ya zo bara, ba don mun matsu ba, ba kuma zai fasa don mun yi haƙuri ba. Abin da ba mu sani ba shi ne ko zai same mu. Ni dai na fara ramuwa, kuma jiya na koma sahun wazifa, gumi yana zuba, Malam ya dube ni bai ce komai ba.

Ya Allah, Ka sanyaya zukatanmu da ambatonKa, Ka tsare mu daga "gobe" da ba ta ƙarewa. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka jiƙan mamatanmu, Ka sa albarka a abin da muka noma, Ka zaunar da ƙasashenmu lafiya. Ka shayar da mu daga tafkin Annabi (SAW) a ranar da rana za ta kusanto kawunan halitta, Ka sanya mu a inuwar Al'arshinKa, Ka shigar da mu gidan da ba a ganin zafin rana ko tsananin sanyi a cikinsa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina roƙon malamaina su gyara mini, 'yan'uwa kuma su sa ni a addu'a.

Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa ala alihi wa sahbihi wa sallam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.